Daƙiƙa shida da suka kai yara 685 asibiti a Japan

Ranar Talata ce, 16 ga Disamba 1997, da ƙarfe shida da rabi na yamma. Lokacin sanyi ne a Japan, duhu ya riga ya shiga, yara sun dawo gida sun zauna gaban talabijin. Tashar TV Tokyo ta sako kashi na 38 na katun ɗin Pokémon, wanda bai cika wata tara da farawa ba amma ya riga ya zama abin da yaro ba ya yarda ya wuce shi. Tashoshi 37 ne suka ɗauki shirin, an kuma ƙiyasta gidaje wajen miliyan 4.6 suna kallo.

Labarin ranar ba wani abin a zo a gani ba ne. Satoshi, yaron da shi ne jarumin katun ɗin, da abokansa sun shiga cikin kwamfuta, tare da wata halitta mai suna Porygon, don su gyara ɓarnar da ɓarayi suka yi a ciki. Can wajen minti ashirin da farawa aka harbo musu makamai masu linzami, sai Pikachu, ɗan mitsitsin nan mai ruwan ɗorawa, ya saki lantarkin jikinsa ya tarwatsa su. Don a nuna ƙarfin fashewar, masu zanen suka sa fuskar talabijin ta riƙa sauyawa tsakanin ja da shuɗi, wal-wal-wal, sau 12 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu hasken ya ci kusan duk fuskar, sannan wasu biyu ya cike ta baki ɗaya. Shi ke nan. Kafin mutum ya ɗauko ruwa a randa an wuce wurin.

Bayan shirin, motocin asibiti sun kwashi mutum 685, mata 375, maza 310, kusan dukkansu yara. Wasu sun sandare suna jijjiga, wasu sun suma, wasu amai da jiri da ganin dishi-dishi. Da yawa sun farfaɗo tun a mota, amma fiye da 150 an ba su gado, biyu kuma sun haura mako biyu a kwance. Ba a rasa rai ba. Abin takaici, wasu gidajen talabijin da suka zo ba da labarin a daren sai suka sake nuna wurin da ya jawo abin, don mutane su gani da idonsu, aka ƙara samun masu faɗuwa.

Yaya haske zai kayar da yaro yana zaune a ɗakin uwarsa? Ƙwaƙwalwa da lantarki take aiki, ɗan kaɗan ƙwarai, kuma lafiyarta ita ce ƙwayoyinta su riƙa aika saƙo kowa a lokacinsa. Wanda ya taɓa tsayawa kan mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san abin da nake nufi: wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, ta uku na hanya, babu mai taɓa ƴar uwarta. Da a ce wani makaɗi zai zo ya fizge su duka su sauke a bugu ɗaya, taɓare za su yi karo, tsaba ta watse. Farfaɗiya ke nan a taƙaice, ɗimbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su buga tare a lokaci guda. Haske mai ƙiftawa shi ne makaɗin. Kowace walƙiya tana sa sashen gani, wanda ke can ta ƙeya, ya amsa gaba ɗaya. A wurin yawancin mutane ƙwaƙwalwa na da birkin da ke kashe wannan amsa-kuwwar kafin ta yi nisa. A wurin wasu ƴan kaɗan birkin ba shi da ƙarfi, sai bugun ya tsallaka zuwa sauran sassan.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan, tun kafin a ƙera talabijin. Apuleius, marubucin zamanin Rumawa a ƙarni na 2, ya ambaci yadda juyin faifan maginin tukwane ke tayar wa mai farfaɗiya da ciwonsa. Hasken rana da ke ratsowa ta tsakanin bishiyoyin gefen titi idan mota na gudu, shi ma yana yi. An ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin 4,000 ne ke da irin wannan farfaɗiyar mai tashi da haske. Ta fi kama masu shekara bakwai zuwa ƙasa da ashirin, ta kuma fi yawa a ƴan mata, abin da ya yi daidai da alƙaluman daren nan. Ƙiftawar da ta fi haɗari ita ce tsakanin sau 15 zuwa 25 a daƙiƙa, amma tun daga sau uku ake fara shiga hatsari.

Sau 12 na Pokémon bai ma kai tsakiyar wurin haɗarin ba. Launin ne ya ƙarasa aikin. Ido na da nau'i uku na ƙwayoyin ganin launi, kuma a yawancin launuka biyu ko uku ne ke amsawa tare, suna rage wa juna kaifi. Ja wur mai zurfi kuwa kusan nau'i ɗaya kaɗai yake tasowa, babu mai taka masa birki, sai a ɗauke shi a kawo shuɗi, a sake dawo da shi. Ga kuma yanayin kallon: ɗakunan Japan ƙanana ne, yara na zaune dab da akwatin, fuskar talabijin ta cika musu ido, hankalinsu kuma kacokan yana wurin domin an zo ƙarshen faɗa, ba mai ko ƙifta ido. Wannan dabarar sauya launi ba sabuwa ba ce a wurin masu katun na Japan, har suna suka ba ta, paka-paka, sun kuma daɗe suna amfani da ita saboda arha ce, zane biyu kawai ake buƙata. A watan Maris na wannan shekarar ma wani katun na tashar NHK ya kai wasu ƴan yara asibiti ta irin wannan hanyar, ba a ɗauki abin da zafi ba.

Mafi yawan yaran da aka tabbatar farfaɗiya ce ta kayar da su, ba su taɓa faɗuwa ba kafin ranar. Raunin yana jikinsu a kwance, ba su sani ba, iyayensu ba su sani ba, sai da abin da zai tashe shi ya zo. Wannan ya tuna mini wani labari na Ingila da ake yawan kawowa a matsayin abin dariya, alhali mutuwa ce. Ranar 24 ga Maris 1975, wani magini ɗan shekara 50 a garin King's Lynn yana kallon wasan barkwanci na The Goodies, dariya ta kama shi, ya yi ta yi har minti 25, sannan ya zube a kujera rai ya yi halinsa. Matarsa ta rubuta wa ƴan wasan takardar godiya, wai sun sa mijinta ya cika cikin farin ciki. Shekara 37 ana cewa dariya ce ta kashe shi. A 2012 zuciyar jikanyarsa ta tsaya farat ɗaya, aka ceto ta, gwaji ya nuna tana da wani ciwon bugun zuciya da ake gado. Nan likitoci suka koma kan kakan suka ce da alama abin da ya ɗauke shi ke nan, dariyar sanadi ce kawai.

Mu koma Japan, domin a lissafi ne maganar ta rikice. Idan aka ce yaro ɗaya ne kacal a kowane gida cikin miliyan 4.6, aka raba da 4,000, za a samu dubu ɗaya da ƴan kai. Ke nan 685 bai wuce hankali ba, haske kaɗai ya isa ya yi bayaninsa. Amma kwanaki kaɗan bayan haka adadin yaran da aka ce shirin ya taɓa lafiyarsu ya haura 12,000. Daga ina sauran suka fito?

Wasu masu bincike biyu, Benjamin Radford da Robert Bartholomew, sun bi diddigin wannan a wata maƙala da suka fitar a 2001, kuma abin da suka fi lura da shi shi ne lokaci. Farfaɗiyar haske ba ta jira. Ana ganin walƙiyar take kamawa, ba ta bari sai gobe. A daren Talata ɗaruruwa ake magana. Safiyar Laraba jaridu suka fito da labarin a shafin farko, talabijin ba ta da wani zance, yara suka tafi makaranta inda kowa ke tambayar kowa ko ya kalla, ko ya ji wani abu. Malamai da hukumomi suka shiga tambayar ɗalibai wa ya ji ba daidai ba. Bayan nan ne adadin ya yi tsalle zuwa dubbai, kuma abin da waɗannan dubban suka faɗa ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, sarƙewar numfashi. Sandarewa da jijjiga da cizon harshe, waɗanda su ne tambarin farfaɗiya, ba su da yawa a cikinsu.

Abin da masana ke kira ciwon da tsoro ke yaɗawa cikin taro ke nan. Mutane kan ji an faɗi haka su ɗauka ana nufin yaran ƙarya suke yi, ko neman a kula su. Ba haka ba ne, kuma duk wanda gabansa ya taɓa faɗuwa har ya ji ƙafafunsa sun saki ya san tsoro na da iko da jiki. Yarinya ta ji an ce abin da ta kalla jiya ya kwantar da yara a asibiti. Ta fara sauraren jikinta. Numfashinta ya ƙaru ba ta sani ba, iskar da ya kamata ta tsaya a jini daidai gwargwado ta fice da yawa, sai jiri, sai yatsu su fara tsitstsira, sai ganinta ya dushe. Ta faɗa wa ta kusa da ita, wadda ita ma ta kalla. Amai na gaske ne, suma ta gaske ce, sai dai idan aka yi gwajin jini da na ƙwaƙwalwa ba a ganin komai.

Ni dai ban yarda a ja layi a ce ɗari shida na haske ne, sauran duka na tsoro ba. Haske mai ƙiftawa yana sa wa mai lafiya ƙalau ciwon kai da tashin zuciya ko ba shi da farfaɗiya, musamman masu ciwon ɓarin kai, kuma babu mamaki yara da yawa sun ji hakan a daren suka yi shiru sai da aka tambaye su. Haka nan cikin 685 ɗin farko ba kowa ne ya yi farfaɗiya ba. Amma jigon maganar Radford da Bartholomew yana da wuyar turewa: cuta biyu ce ta fito daga akwati ɗaya, ta farko ta shiga ta ido a daƙiƙa shida, ta biyu ta shiga ta kunne ta kwana tana yaɗuwa.

Ta biyun ba ta ma buƙatar walƙiya. A watan Mayun 2006 a Fotugal, wani wasan kwaikwayo na matasa mai suna Morangos com Açúcar ya nuna wata muguwar cuta ta ɓarke a makarantar cikin labarin. Ƴan kwanaki bayan haka ɗalibai sama da 300 a makarantu 14 suka fara ƙuraje da jiri da wahalar numfashi, irin na cikin wasan sak. An rufe wasu makarantun. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasar ta bincika ba ta samu ƙwayar cuta ba. Lokacin jarrabawar ƙarshen shekara ne kuma, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wannan lissafi.

Ba ta buƙatar talabijin ɗin ma. Ranar 30 ga Janairu 1962, a makarantar kwana ta ƴan mata da ke Kashasha kusa da Bukoba a Tanganyika, ƴan mata uku suka fara dariyar da ta ƙi tsayawa, haɗe da kuka da firgita. Ta kama 95 cikin ɗalibai 159, aka rufe makarantar ranar 18 ga Maris, yaran suka koma garuruwansu da ita, ta bazu har ta taɓa mutum wajen dubu. Likitan ƙwaƙwalwa Simon Wessely ya raba irin waɗannan gida biyu. Akwai mai tasowa daga firgici na farat ɗaya, wadda ke zuwa da suma da ciwon kai ta wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, irin ta Japan. Akwai kuma mai tasowa daga matsi da ƙunci na dogon lokaci, wadda ke zuwa da karkarwa, rawa, dariya ko sambatu, ta yi makonni ko watanni. Wannan ta fi son makarantun kwana masu tsauri.

Mai karatu a Kano ko Zinder ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san makarantun ƴan mata da aka wayi gari ɗalibai na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka yi wayo a tsakiyar shekarun 1990 suna tuna sunan Sumbuka a Kano, da yadda malamai suka yi ta ruƙiyya. Cikin abin da masu nazari suka rubuta a kan lokacin har da cewa wasu ƴan matan na rawa irin ta fina-finan Indiya idan abin ya motsa. Ba zan tsaya gardamar aljanu a nan ba, wannan fagen malamai ne. Abin da na lura kawai shi ne kowace al'umma da irin rigar da abin ke sawa idan ya zo mata: a Japan ta katun, a Fotugal ta ƙwayar cutar cikin wasa, kuma shekarun masu faɗuwar da irin wuraren da suke faɗuwa kusan ɗaya ne ko'ina.

A Japan dai ba a tsaya jiran masana su gama rarrabewa ba. Ƴan sanda sun yi wa masu shirin tambayoyi, ma'aikatar lafiya ta kira taron gaggawa, hannun jarin kamfanin Nintendo, mai wasan bidiyon da aka samo katun ɗin daga gare shi, ya faɗi da yen 400 washegari. Shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya ce su ba ruwansu, wasan da suka ƙera na Game Boy, ƴar na'urar wasansu ta hannu, fari da baƙi ne. An dakatar da katun ɗin wata huɗu, bai dawo ba sai 16 ga Afrilu 1998. Gidajen talabijin na ƙasar suka kafa ƙa'ida: kada ja ya ƙifta fiye da sau uku a daƙiƙa, kada kowane irin ƙiftawa ya wuce sau biyar, kada ya ɗauki fiye da daƙiƙa biyu, kada zane mai ratsi-ratsi ko mai juyawa ya cika fuska. Daga nan ne kuma aka fara rubuta wa yara a farkon katun cewa su kunna fitilar ɗaki su ja baya daga talabijin.

Birtaniya ta riga su shan wannan darasin da araha. A 1993 tallan taliyar Pot Noodle ya kayar da mutum uku, hukumar kula da tashoshin kasuwanci ta nemi Farfesa Graham Harding na Jami'ar Aston da ke Birmingham ya tsara mata ƙa'ida. Shi ne kuma ya taimaka wa Japanawa da nazarin abin da ya same su, daga baya aka ƙera na'urar da ke bin hoto ɗaya bayan ɗaya tana auna haske da ja, wadda har yau ake kira gwajin Harding. Duk da haka a 2007 bidiyon da aka yi don ƙaddamar da tambarin wasannin Olamfik na Landan ya kayar da mutane, dole aka cire shi. Dokar sau uku a daƙiƙa ta shiga ƙa'idojin gina shafukan intanet a 2008, TikTok kuma ya ƙara maɓallin tsallake irin waɗannan bidiyon a 2020.

Sai dai duk wannan tsaro an gina shi ne a kan zaton akwai injiniya tsakanin mai shirya hoto da mai kallo. Yau yaro ɗan sakandare na haɗa bidiyo a waya, ya zuba masa walƙiya ja da shuɗi daidai da bugun kiɗa, ya tura a WhatsApp. Wanda zai kalla kuma yana kwance a ɗaki an ɗauke wuta, wayar na tazarar taƙi ɗaya da hancinsa. Duhu, kusanci, cikar ido: sharuɗɗan daren Tokyo sun cika ba tare da kowa ya nufa ba. Ga fitilun masu kiɗa a wuraren biki. Na taɓa halartar wata liyafar aure inda aka kashe fitilun zauren aka saki mai walƙiyar nan lokacin shigowar amarya, wata yarinya da ba ta wuce sha uku ba ta zube tsakanin kujeru tana jijjiga. Kafin ka ce kwabo an watse an ba ta fili, wata na cewa kada yawunta ya taɓa kowa, wani na neman cokali a sa mata a baki, wata dattijuwa na tofa addu'a daga nesa. Babu wanda ya ce a kashe fitilar, ni ma ban ce ba, don a lokacin ban san tana da hannu ba.

Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta taɓawa, ko ta tsallaka wurin da mutum ya faɗi. Cokali a baki haƙori yake karyawa, mutum kuma ba ya haɗiye harshensa. Abin yi shi ne a janye abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, idan jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe, kada a ɗura masa ruwa sai ya dawo hayyacinsa. Idan ta haura minti biyar, asibiti. Wanda kuma ya san haske na taɓa shi, idan walƙiya ta rutsa da shi, runtse ido bai isa ba, domin hasken na ratsa fatar ido, ja ma yake komawa. Ya rufe ido ɗaya ruf da tafin hannu ya kau da kai, saboda abin ya fi ƙarfi idan ido biyu na kai saƙon tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan sun samu magani yadda ya kamata. Masu tashi da haske ƴan tsiraru ne a cikinsu, ba su wuce uku zuwa biyar cikin ɗari ba.

Kashi na 38 ba a sake nuna shi a wata tasha ba, ko a Japan ko a waje. Ya shiga kundin Guinness a matsayin shirin talabijin da ya fi kowane tayar da farfaɗiya. Pikachu, wanda shi ya saki lantarkin, ya ci gaba da zama fuskar kamfani, hotonsa har a jikin jiragen sama. Porygon kuwa, da bai yi komai ba illa ɗaukar yaran a bayansa ya gudu da su daga makaman, sunansa ne a kan kashin, don haka ba a sake ba shi wani matsayin kirki a katun ɗin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A watan Satumban 2020 shafin Pokémon na Twitter ya wallafa cewa Porygon bai yi laifin komai ba, ba a jima ba kuma aka goge.